Yadda Ake Zagayawa da Baƙi Wuraren Tarihin Daura a Yini Ɗaya

Ba wanda ya naɗa ni wannan aiki. Malamin makaranta ne ni a nan Daura, to da wata makaranta ta turo ɗalibai daga Kano ko Katsina, ko wani abokin aiki ya yi baƙi, sai ka ji an ce a kirawo Malam ya zagaya da su. Tun ina ƙirga yawan ayarin da na raka har na daina. Yanzu ƙafa ta fara nauyi, samari kuma suna ta tambayata yadda ake yi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: Kusugu rijiya ce. Baƙon da ka kai bakinta bai ji labarinta ba, leƙawa zai yi ya ɗago ya ce, "Ita ke nan?" Na sha jin wannan maganar, kuma laifin ba na baƙon ba ne, na ɗan rakiya ne. Aikinka shi ne labari ya riga ƙafa isa kowane wuri.

Abubuwan da za ka tanada

Wasiƙar neman izinin shiga fada, idan ayari ne. Bayaninta na nan tafe.

Ɗan gari guda, in kai ba Badauri ba ne. Dattijo ya fi, ko da bai yi boko ba, domin gaisuwarsa kaɗai tana buɗe ƙofar da takarda ba ta buɗewa.

Ruwan sha mai yawa. Abin da ka ƙiyasta, ka ninka shi.

Takalmin da ake zarewa da ƙafa, kamar silifa ko fade. Za a cire takalmi fiye da sau ɗaya, kuma mai igiya yana ɓata wa ayari lokaci. Idan bazara ce kowa ya sa safa, don daɓen siminti da tsakar rana ba ya takuwa.

Tsabar kuɗi, musamman ƙananan canji, saboda tukwicin masu kula da wurare da kuɗin achaba ko keke-napep. Kada ka dogara da tura kuɗi ta waya.

Gora ko ƙaramar jarka mai murfi, ga wanda zai so tafiya da ruwan rijiyar.

Littafi da biro, waya mai cikakken caji, da takardar sunayen duk waɗanda ke cikin ayarin. Manya su riƙe katin shaida, tunda gari ne na kusa da iyaka kuma akwai shingayen jami'an tsaro a hanya.

Sutura ta mutunci: maza da hula, mata da hijabi ko mayafi wadatacce. Baƙon da ba Bahaushe ba ka gaya masa tun daren jiya, kada sai an zo ƙofar fada a tsaya neman gyale.

1. Zaɓi rana

Lokacin sanyi ya fi daɗin yawo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai hazo kan ɓata hoto. Maris zuwa Mayu rana ba ta da sauƙi, in dole ne a yi komai kafin azahar. Da damina garin ya fi kyan gani, amma hanyoyin ƙauye kan lalace.

Sai ka tambayi kanka me baƙin suka zo nema. In kallo ne, dawaki da algaita da tambura, to ka kawo su lokacin sallah su ga Hawan Magajiya, ko a watan Rabi'ul Awwal lokacin Sallar Gani, wadda Daura ta yi suna da ita. Amma a irin waɗannan ranaku ba wanda ke da sukunin yi maka bayani, fada ta cika maƙil, masauki ya yi wuya. In ilimi suka zo nema, ka zaɓi ranar aiki wadda ba ta da hidima. Kuskuren sababbin 'yan rakiya shi ne son haɗa biyun a yini guda, sai a tashi ba kallon ba karatun.

Juma'a kuwa, duk da ita ce ranar da ke cikin labarin rijiyar, ba na kai ɗalibai. Yinin gajere ne, kafin ka ankara an fara haramar masallaci.

2. Nemi izini tun da wuri

Ka rubuta wasiƙa zuwa ga Majalisar Masarautar Daura ta hannun sakatare. Ka faɗi ko ku su wane ne, ku nawa ne, ranar da kuke so, da abin da ya kawo ku. In makaranta ce, a takarda mai tambarin makarantar da sa hannun shugabanta. Ka kai da hannunka kamar mako biyu kafin ranar, sannan ka koma ka bibiya ana saura kwana biyu, domin tafiya kan taso wa Mai Martaba ba shiri.

Na taɓa yin ganganci na kwaso yara mota biyu ba wasiƙa, ina taƙama an san ni. Muka tarar ana zaman shari'ar wata rigimar gona, muka yi tsaye a rana har yara suka fara zubewa a gindin katanga. Ba wanda ya wulaƙanta mu, ni ne ban yi abin da ya dace ba.

In ku biyu ne ko uku, ba sai da wasiƙa ba. Ka je ka yi sallama ga dogaran da ke ƙofa, ka gaishe su da kyau, ka faɗi buƙatarka. Abin da suka ce za a iya gani, shi za ku gani.

3. Yi sammako

Daga Katsina tafiyar kusan kilomita 80 ce, ta Mashi. Daga Kano kuwa ta Dambatta da Kazaure ake biyowa, kuma ta fi tsawo, saboda haka masu tasowa daga can su kama hanya da an idar da sallar asuba. So samu ne ƙarfe takwas da rabi ta yi muku a cikin gari. Kafin ranar, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, su ne ke bin ta kullum.

4. Ba da labarin kafin a sauka daga mota

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi tsallakewa. In kana cikin motar, ka fara ana saura kamar minti ashirin a iso. In tarbar su za ka yi, ka samu inuwa a bakin gari ka zaunar da su. Kada ka karanta daga takarda. Ka ba da shi yadda kakarka ta ba ka.

Ƙashin bayan labarin ga shi. Kafin zuwan Bayajidda mata ne ke sarautar Daura, ana ce musu magajiya, ta farkonsu Kufuru. Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza ne, ya baro gida ya sauka Borno, ya auri 'yar Mai, wato sarkin Borno, zama ya ƙi daɗi ya gudo da ita. Ya bar ta a Garun Gabas da juna biyu, can ta haifi Biram. Ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa. Ta ce ai ruwa sai Juma'a, don akwai maciji a rijiya, ana ce masa Sarki, ba ya bari a ɗiba sai ran nan. Ya karɓi guga ya tafi, macijin ya fito da kai, ya sare kan ya tafi da shi.

A nan nake dakatawa in tambayi yara: da gari ya waye, wa zai je ya duba? Sai in ba su labarin Galadima da Kaura. Magajiya Daurama ta aiki Galadima, ya hango gangar jikin macijin a bakin rijiya ya juyo bai ƙarasa ba. Kaura ne ya matsa har ya taɓa, ya dawo ya tabbatar ya mutu. Yara na son wannan wurin, kuma yana da amfani, domin anjima a fada za su ji ana kiran waɗannan sarautu, su gane ba jiya aka fara su ba.

Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe macijin. Masu ƙarya suka yi ta zuwa, har aka kai ga baƙon Ayana, ya fito da kan. Ya ce shi ba rabin gari yake so ba, ita yake so. Aka yi aure, ta ba shi kuyanga, Bagwariya, ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari. Daga baya ita ma Daurama ta haihu ta ce nata sunansa Bawo, wato a bawo garin. Ka tsaya a kan sunayen nan biyu ka bar baƙi su yi dariya, don duk wanda ya tashi a gidan kishiyoyi ya san habaici in ya ji shi.

'Ya'yan Bawo shida su ne aka ce sun kafa sarautun Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano: Gazaura a Daura, Bagauda a Kano, Kumayau a Katsina, Gunguma a Zazzau, Duma a Gobir, Zamnakogi a Rano. In ka haɗa da Biram, Hausa Bakwai ke nan. Kirarin "Daura ta Abdu, tushen Hausa" daga nan ya samo ƙarfinsa.

Gargaɗi biyu. Na farko, a kowane ayari akwai mai wayon da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, in Bayajidda ne asalin Hausawa, da wane yare ya yi magana da Ayana?" Kada ka harzuƙa, tambaya ce mai kyau. Amsar tana cikin labarin kansa: ya tarar da gari, da sarauniya, da rijiya, da maƙera a Gaya. Labarin na asalin gidajen sarauta ne da yadda mulki ya koma hannun maza, ba na asalin mutane ba. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kansa, har wasu na danganta sunan da Abu Yazid, wani ɗan tawaye na Arewacin Afirka da aka kashe a shekarar 947. Ka faɗi wannan a mota. Kada ka ɗauko muhawarar a gaban mai kula da rijiya ko a zauren fada.

Na biyu, maganar Banza Bakwai, wato ƙasashe bakwai da labarin ya ce 'ya'yan Karɓagari ne suka kafa. In akwai Banufe ko Bazamfare ko Bayarabe ko mutumin Kabi a cikin baƙinka, ka san yadda za ka furta ta. Ni nakan ce haka labarin Daura ya kira su, su ma kowannensu yana da nasa labarin asali, in wuce.

5. Tsohon Birni, in akwai hali

Arewa da gari akwai Tsohon Birni, inda aka ce nan magajiyoyin farko suka zauna kafin Daurama ta dawo da gari inda yake yanzu. In za a bi labarin daki-daki, daga nan ya kamata a fara. Amma kada ka cika baki, ba wani gini za su tarar ba, wuri ne da ke buƙatar mai nuni. Ka fara gaida mai garin ka roƙi a haɗa ka da dattijo. In motarku babba ce, ko an yi ruwa da dare, ko lokacin da fada ta ba ku ya matso, ka bar shi. Lokacin fada shi ke gaba da komai.

6. Rijiyar Kusugu

Tana cikin gari, an gine ta a cikin ɗaki, akwai masu kula da ita. Ka ajiye babbar mota inda aka nuna maka ku ƙarasa da ƙafa, lungunan tsohon gari ba na bas ba ne. Tafiyar ƙafar ma riba ce.

Kai za ka fara shiga kai kaɗai. Ka gaisa, ka faɗi yawanku, ku daidaita abin da za a bayar kafin kowa ya shigo. Yin ciniki a gaban baƙi abin kunya ne ga kowa. Sannan ka shigo da su kashi-kashi, kamar goma-goma. In ka tura yara hamsin a lokaci ɗaya, na gaba ne kaɗai za su ji, na baya tsokanar juna za su yi ta yi.

Da kun shiga, ka yi shiru. Mai kula da rijiyar ya ba da nasa labarin, ko da ya saɓa da naka a wasu wurare, kuma zai saɓa. Wani zai ce Bayajidda ya bar takalmi ɗaya a bakin rijiya aka yi ta gwadawa, wani ba zai kawo wannan ba. Kada ka gyara masa. In ɗalibai sun lura da bambancin, ka ce su rubuta, a tattauna a hanyar komawa. Darasin tarihin baka ke nan ya zo musu har gida.

Mutanen gari za su gaya muku rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma da yawa na ɗibar ruwanta da niyyar neman waraka. Wanda ke so a zuba masa a gora, a zuba masa. Ƙananan yara kuwa nakan ce su wanke fuska su ɗan kurɓa kawai, don cikin baƙo bai saba da ruwan kowane gari ba, ga doguwar tafiya a gaba. Ka sa babba ɗaya ya tsaya a bakin rijiyar har a gama. Kuma kowa ya riƙe wayarsa da kyau wajen leƙe.

7. Fada

Ku isa kafin lokacin da aka ba ku. Tun a waje ka koya musu abin da za su yi, ka sa su gwada sau ɗaya: a cire takalmi inda aka ce, a shiga a natse, a durƙusa, maza su yi jinjina, a ce "Allah ya ja zamanin Sarki" ko "Ranka ya daɗe". Ba a miƙa wa Sarki hannu. Ba a tsayawa ƙerere. In dogarai suka amsa da "Sarki ya gaishe ku", an karɓi gaisuwar ke nan, ba sai an maimaita ba. Mutum ɗaya ne zai yi magana da yawun ayari, kuma a taƙaice. A kashe ƙarar waya. Hoto sai an tambaya.

Sau da yawa ba za ku samu ganin Mai Martaba ba, za a haɗa ku da wani basarake ko bafade ya zagaya da ku. Kada ka nuna wa baƙi kamar an yi asara. A gaskiya ɗalibai sun fi ƙaruwa a haka, don suna iya yin tambaya.

Ka sa su ɗaga kai su dubi rufin tsofaffin zauruka. Yawancin yaran yanzu ba su taɓa ganin yadda magina ke ɗaure soro da azara da bakan gizo ba tare da ƙarfe ko siminti ba. A cikin kayan tarihin da masarauta ke ajiye da su akwai takobin da ake dangantawa da Bayajidda da kuma tambura. Ba kullum ake fito da su ba. Ka roƙa cikin ladabi tun a wasiƙa, in an ce a'a, a'a ɗin ke nan.

8. Azahar, abinci, sai labari na biyu

Ku yi sallah, ku ci abinci. In ayarin babba ne ka yi wa mai abinci magana tun jiya, in ba haka ba rabi za su ci rabi su yi kallo. Fura da nono ba ta wuya a garin nan, kuma ita ta fi dacewa da ranar.

Bayan an ci an natsu nake ba da labarin da yawancin 'yan rakiya ke mantawa, alhali shi ne wanda ke da shekaru a rubuce. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804. A 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarki Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ba su watse ba, suka kafa sarauta a Zango da Baure, suka yi kusan shekara ɗari suna jiran gida. Bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar Kano da Katsina a 1903, ba a daɗe ba suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura. Abin da ya bambanta Daura da Kano da Katsina da Zariya ke nan: a can sarauta ba ta koma hannun gidajen da jihadi ya kora ba, a nan tsohon gidan ne ya dawo. Bayan Musa sai Abdurrahman, wanda ya yi fiye da shekara 50 a kan gado har 1966, sai Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sai Alhaji Umar Faruk Umar daga 2007.

Ka ba da wannan ba tare da ɗaukar ɓangare ba. A cikin yaran da ke gabanka akwai jikokin kowane ɓangare, wasu ma duka biyun.

9. Abin da ya rage na yini

Ko ba ka kawo maganar ba, wani zai ce a kai shi gidan Buhari. A Daura aka haifi Muhammadu Buhari a 1942, ya yi shugaban ƙasa na soja daga 1983 zuwa 1985, ya dawo na farar hula daga 2015 zuwa 2023, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, aka binne shi a gidansa na Daura bayan kwana biyu. Ka tuna wa baƙi gidan iyali ne, ba gidan kallo ba. Kada ka yi wa kowa alkawarin shiga. Ku wuce ta unguwar, mai addu'a ya yi daga inda yake.

In da sauran lokaci kuma tafiyar ta dace da ranar da kasuwar Mai'aduwa ke ci, ka kai su kara su ga shanu da raƙuman da ake shigowa da su daga Nijar. Wannan na manya ne, ba na kai yaran firamare cikin turmutsutsun dabbobi. Kongolam ma ba nisa, nan ne bakin iyaka a hanyar Damagaram. A tsaya daga nesa, ba a ɗaukar hoton jami'ai ko shingensu, kuma kada wani ya ce bari ya taka ƙasar Nijar ya dawo.

Masu komawa Katsina da suka zo da ƙaramar mota suna iya ware wata rana daban don Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda kaburburan sarakunan Katsina na farko suke. Kada ka cusa ta cikin wannan yinin.

10. Komawa

Da an yi la'asar ku kama hanya, don kowa ya isa gida da sauran haske. Kafin mota ta tashi ka kira suna ɗaya bayan ɗaya daga takardarka, kada ka yarda da "kowa ya shigo, Malam". Na taɓa barin yaro a wurin mai rake, sai da muka fita gari aka lura, muka juyo muka same shi yana zaune abinsa yana sha. Ka duba murfin gorunan ruwan Kusugu, a tsayar da su a ƙasan kujera, ba a cikin jakar littattafai ba. Washegari ka koma ko ka aika a yi godiya ga wanda ya karɓi wasiƙarka a fada da mai kula da rijiya, domin wata mai zuwa ƙofarsu za ka sake ƙwanƙwasawa.